Lissafin Grübler ko gwajin kwali: wanne za ka bi idan sun saɓa?

Assalamu alaikum. Ƙanenmu da ke karatun injiniya a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya zana na'ura mai sanduna uku masu tsayi ɗaya, a tsaye a jere, ƙasansu a kan firam, samansu haɗe da doguwar sanda guda. Lissafin 'yancin motsinta (yawan motsi daban-daban da za ta iya yi) ya ba shi sifili, wato bai kamata ta ko girgiza ba. Da wani makanike a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, ya haɗa masa ita da ƙarfe, sai ga ta tana lilo lafiya lau. Tambayarsa ita ce wa ke da gaskiya, littafi ko makanike.

Ƙanena, hanyoyi biyu ne a gabanka, kuma ba abu ɗaya suke dubawa ba.

Ta farko lissafi ce, wadda ake dangantawa da Martin Grübler na Jamus tun 1883, Karl Kutzbach kuma ya faɗaɗa ta a 1929. Sandar da aka ajiye a kan shimfiɗa tana da motsi uku: gaba da baya, hagu da dama, sai juyawa. Firam ba ya motsi, don haka a cire shi. Kowace mahaɗar juyawa ko ta zamewa tana cinye biyu ta bar ɗaya. Inda abu biyu ke taɓa juna suna mirginawa suna kuma zamewa, kamar haƙoran giya, ɗaya kawai ake cinyewa. In M ne 'yancin motsi, n yawan sanduna har da firam, j mahaɗan juyawa da na zamewa, h kuma wuraren mirginawa da zamewa, shi ke nan: M = 3(n − 1) − 2j − h.

Gwada ta a kan keken ɗinkin da teloli ke takawa a Aboabo. Firam, abin takawa, sandar haɗi, da babbar ƙafa: n = 4, j = 4, tara a cire takwas, saura 1. Shi ya sa taku ɗaya ya isa ya juya komai. Bayan tifa ma haka yake: shasi, bodi, silinda da sandarta, mahaɗar juyawa uku da ta zamewa ɗaya, amsa 1. Sanda biyar da mahaɗa biyar kuwa 2 suke bayarwa, sai ka tanadi injin juyawa biyu kafin ka mallake su.

Ta biyu gwaji ce. Ka yanka kwali gwargwadon zanenka, ka haɗa da ƙananan ƙusoshi, ka kafe firam a kan katako. Riƙe sanda ɗaya gam. In komai ya tsaya, 'yancin ɗaya ne. In wani ɓangare yana motsi har yanzu, riƙe ta biyu, ka ci gaba da ƙirga.

Lissafi ya fi sauri, ba ya cin sidi ko ɗaya, kuma ko sanduna goma sha biyu ne a minti biyu ka gama. Shi ne kuma za a nema a takardar jarrabawa. Amma duba shi da kyau: babu tsayi a ciki, babu kusurwa. Ƙirga yake yi, ba ya awo. Kwali kuwa yana ganin tsayi da jeri sarai, sai dai yana lanƙwasawa, ramukansa suna buɗewa, har abin da ya kamata ya cije ya riƙa motsi kaɗan ya ruɗe ka.

A na'urarka, n = 5, j = 6, sha biyu a cire sha biyu. Ba ka yi kuskure ba. Abin da ya faru shi ne sanda biyu na farko sun riga sun tilasta wa ta saman ta bi wata hanya, kowane ɗigo a jikinta yana zana da'ira iri ɗaya. Ta ukun ba ta hana komai sabo ba, maimaita umarnin 'yan'uwanta kawai take yi, amma lissafi ya caje ta kamar ta hana. Cire ta, ka sake ƙirgawa, za ka sami 1. Irin wannan ne a ƙafafun tsofaffin jiragen ƙasa masu tururi, inda sanda guda ke haɗa ƙafa uku.

Ni dai ba na so ka raina wannan sifilin, domin gargaɗi ne mai tsada. Yana gaya maka cewa motsin ya dogara kacokan ga daidaiton awo. Ta ukun ta ɗara sauran da milimita biyu, na'urar za ta cije, ko ta ci bushin cikin ɗan lokaci. Makaniken nan hannunsa ya yi kyau, ko kuma ramukan sun ɗan yi sako-sako. Amfanin ta ukun kuma a fili yake: tana raba nauyi, tana hana na'urar harɗewa lokacin da sandunan suka kwanta a layi ɗaya.

Akwai kuma inda lissafi ke ba da ƙari. Kam (faifai mai tudu da ke juyawa) mai tura sanda ta hanyar ƙaramar rola yana ba da 2, amma ɗayan juyawar rolar ce a kan kanta, ba ta sauya komai a aikin.

Kafin ka zargi ƙa'idar a wani zanen, sake duba ƙirgarka. Fin ɗaya da ya ratsa sanda uku mahaɗa biyu ne. Ƙarafan da aka yi wa walda sanda ɗaya ce. Firam ɗaya ne ko a wuri huɗu ya bayyana a takarda.

In za ku sake haɗawa, ku ɗaure sandunan uku wuri ɗaya a huda su lokaci guda, haka ma firam da sandar sama. In hakan bai samu ba, a mai da rami ɗaya na sanda ta uku dogo, bisa tsawonta. Lissafin zai koma 12 − 10 − 1 = 1, cijewa ta ƙare, sai dai ta ukun ta daina ɗaukar nauyi.