Wasiƙa daga Bamingam: motar lantarki da kuɗin inshorarta

Yaya, barka da war haka. A gaida min Hajiya da iyali baki ɗaya. Saƙonka na murya ya iso tun ranar Juma'a, sau biyu na saurare shi a hanyar dawowa daga aiki. Ka tambaye ni ko gaskiya ne motar lantarki ta fi sauƙin riƙo, kuma ko zan nemo maka ta hannu a nan a ɗoro ta a jirgin ruwa, tunda fetur ya gagari mutane tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, kuma ba kai kaɗai ka yi min wannan tambaya ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka san Nissan Leaf nake hawa, ta hannu. Abin da ya sa na saye ta shi ne tun ranar 1 ga Yunin 2021 aka mai da tsakiyar Bamingam yankin tsaftace iska, duk tsohuwar motar da hayaƙinta bai cika sharaɗi ba sai ta biya fam 8 a kowace ranar da ta shiga. Tsohuwar motata mai dizal tana cikinsu, wurin aikina kuma yana cikin da'irar. Ta fannin riƙo, alhamdu lillahi. Da dare nake jona ta a gida, lokacin da kamfanin wuta ke rage farashi. Babu juyen baƙin mai, babu canjin fulogi, babu salansa da za ta fashe. Abin da ka ji game da wannan gaskiya ne. Amma akwai kuɗin da masu tallar motocin ba sa fara ambata, wato inshora, kuma shi ne ya fi cin aljihuna a shekara.

A Birtaniya inshora wajibi ce tun dokar 1930. Idan aka kama ka babu ita, tarar fam 300 ce da makin laifi 6 a kan lasisinka, kuma 'yan sanda na iya ɗauke motar nan take. Ba sai wani ya tsayar da kai ya ce fito da takardu ba, kyamarori ne a kan titi ke karanta lambar mota su duba ta a rumbun bayanan inshora. Tun 2011 ma ko motar tana ajiye sai ta kasance da inshora, in ba ka sanar da hukuma a rubuce cewa ka janye ta daga titi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da farko shi ne babu farashi guda. Ni da maƙwabcina muna iya hawa mota iri ɗaya, ƙirar shekara ɗaya, amma kuɗin ɗayanmu ya ninka na ɗaya. Za ka shiga shafin kwatanta farashi irin su Confused.com ko Compare the Market, a jero maka tambayoyi kamar ka je neman aure. Shekarunka nawa, me kake yi, kana da aure, yaushe ka zo ƙasar, yaushe ka karɓi lasisi, mil nawa kake ci a shekara, ina motar ke kwana, a gareji ko a ƙofar gida ko a bakin titi, wane ne kuma zai tuƙa ta ban da kai. Kowace amsa tana ɗaga kuɗin ko ta sauke shi. Abin da suka daina dubawa shi ne ko kai namiji ne ko mace, an hana su wannan tun Disambar 2012.

A nan ne baƙo ke shan wahala. Lasisin Najeriya wata 12 kawai yake yi maka aiki, kuma ba a musanya shi da na nan, sai ka sake jarrabawar tuƙi daga farko. Shekarun da na yi ina tuƙi tsakanin Kano da Kaduna da Abuja ba tare da na taɓa buge kowa ba, ba a lissafa min ko ɗaya ba. Suna da rangwame ga wanda ya shekara bai jawo musu biyan diyya ba, yana ƙaruwa shekara bayan shekara har ya zaftare babban kaso na kuɗin, amma ni daga sifili na fara, tamkar yaron da ya koyi mota jiya. Wannan ya yi min ciwo, har yanzu kuma ina ganin ba a yi adalci ba.

Sai kuma lambar unguwa, wato lambar da ke cikin adireshi mai nuna yankin da kake zaune. Idan unguwarku an yi yawan satar mota ko haɗari, kowa a cikinta zai biya, ko da shi bai taɓa gogar mota ba. Unguwannin da baƙi ke iya biyan haya a cikinsu su ne suka fi tsada a inshora. A 2022 ƙungiyar Citizens Advice ta fitar da binciken da ya nuna mazauna unguwannin da ba farar fata ne suka fi yawa ba ana caza musu ƙarin aƙalla fam 280 a shekara. Kamfanonin sun ce ba sa tambayar launin fata, kuma gaskiya ne babu tambayar a fom. To amma lambar unguwa ta riga ta faɗa musu.

Wancan duk a kan mutum ne. Ita ma motar ana auna ta. Akwai wata cibiya, Thatcham Research, wadda aikinta shi ne ta buga motoci da gangan, ta kwance su, ta ga nawa gyara zai ci da kuma kwana nawa zai ɗauka. Da sakamakon ne ake sa kowace mota a rukuni, daga 1 zuwa 50. Ƙaramar mota irin Hyundai i10 tana can ƙasa. Leaf tana wajen tsakiya. Tesla Model 3 kuwa tana dab da 50, wuri ɗaya da motocin alfarma. A 2024 sun fito da sabon ma'auni daga 1 zuwa 99 don sababbin motoci, wanda ya fi ba sauƙin gyara muhimmanci, kuma zuwan motocin lantarki na cikin abin da ya jawo shi.

Me ya sa motar lantarki ke hawa sama? Batir ne, Yaya. Ka manta da ɗan batirin da muke cirewa mu kai caji. Wannan shimfiɗe yake a ƙarƙashin motar tun daga gaba har baya, nauyinsa ɗaruruwan kilo, kuma shi ne abu mafi tsada a jikinta. Motar fetur in ta hau kan dutse ta ƙasa, sai a duba ko tankin baƙin mai ya huje, a yi walda a wuce. Motar lantarki in murfin batirinta ya lotsa, babu wanda zai yi rantsuwa cewa cikinsa lafiya lau yake, kuma batirin da ya ji rauni yana iya kamawa da wuta bayan kwanaki, wutar da ke da wuyar kashewa. Sau da yawa kamfanin da ya ƙera motar cewa yake a canza shi gaba ɗaya. Idan motar ta kwana biyu, kuɗin sabon batir ya kusa kuɗinta ko ya fi, sai kamfanin inshora ya ga gara ya biya ka kuɗin motar ya aika ta wurin 'yan gwangwan. Mota ce da za ka gan ta tsaf, fenti ko ƙwarzane babu, amma an yanke mata hukunci.

Rahoton da Thatcham ta fitar a 2023 ya ce diyyar haɗarin motar lantarki ta fi ta takwararta mai fetur ko dizal tsada da kusan kashi 25 cikin 100, gyaranta kuma ya fi daɗewa da kashi 14 cikin 100. Akwai ma ƙa'idar cewa motar da ake zargin batirinta ya taɓu a ajiye ta a fili, tazarar mita 15 daga sauran motoci da gine-gine. Ka ƙiyasta garejin da ke ɗaukar motoci da dama ya koma ɗaukar biyu ko uku, kuɗin filin nan wani ne zai biya. Ga ƙarancin makanikai, don ba kowane bakanike aka yarda ya taɓa wayoyin motar masu launin ruwan lemo ba, wutar cikinsu ta kai ta kashe mutum, sai wanda ya yi kwas ya karɓi shaida. Ga shi kuma motar tana da nauyi, tana fizga da zarar ka taɓa totur, wanda bai saba ba yana iya shiga bayan wani kafin ya ankara.

Ni na gani da idona. Motata tana ajiye a ƙofar gida wani ya ja da baya ya bugi gefenta. Mutumin kirki ne, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ba ni bayanan inshorarsa. Aikin da mai gyaran jiki a Kano zai gama cikin kwana biyu sai da ya ci mako biyar, yawanci jiran layi a garejin da ke da izinin kashe wutar batir kafin a sa guduma. Duk tsawon lokacin motar haya nake hawa a kan kuɗin kamfaninsa. Ban biya ko sisi ba, motar ta dawo kamar ba a taɓa ta ba. Amma da lokacin sabuntawa ya zo, nawa kuɗin ma ya ɗan hau, duk da cewa laifin ba nawa ba ne, don a lissafinsu wanda aka taɓa bugewa ya fi kusa da a sake bugunsa.

Shekarar 2023 ta fi kowace muni. Har wani sanannen kamfani, John Lewis, ya dakatar da ba motocin lantarki inshora na wani lokaci. Tsadar ta shafi kowa da kowa, a farkon 2024 ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasar ta ce matsakaicin abin da ake biya ya kai fam 635 a shekara. Baƙo mai sabon lasisi a unguwa irin tamu, ninkin wannan ake nema a wurinsa ko fiye. A cikin kuɗin akwai harajin gwamnati na kashi 12 cikin 100. Daga Afrilun 2025 kuma motocin lantarki sun fara biyan harajin hanya da aka yafe musu a da.

Yadda muke ragewa: ba na barin inshora ta sabunta kanta, kimanin mako uku kafin ta ƙare nake shiga in kwatanta, don wanda ya bari sai ranar ƙarshe ya fi biya. Ina ɗaga kason da zan fara biya daga aljihuna in an yi haɗari, gwargwadon abin da na san zan iya fitarwa. Sannan ina biyan na shekara a dunƙule, saboda biyan wata-wata bashi ne, akwai kuɗin ruwa a kansa. Don haka ne mu 'yan gida da ke nan muka kafa adashi, kowa ya ɗauki kwasarsa a watan da inshorarsa ke ƙarewa. Wasu abokan aikina kuma ta wurin aiki suke karɓar motar lantarki haya, ana cira daga albashi kafin haraji, inshora da gyara duk a ciki.

Ina roƙon ka isar da wannan ga yaranmu masu shirin tahowa. Akwai masu tallar inshora mai araha a WhatsApp da Facebook, yawancinsu 'yan damfara ne. Ko su ba ka takardar bogi, ko su yi ƙarya a kan adireshinka da shekarunka don kuɗin ya sauka, ranar haɗari ka tarar ba ka da komai. Haka sa sunan wani babba a matsayin mai tuƙi alhali yaro ne ke hawa, zamba ce a dokarsu. Wanda kuma zai yi aikin kai abinci ko tasi, inshorarsa daban ce.

Mu dawo gida. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da inshora a Najeriya ta mai da ƙaramar inshorar motar gida, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, naira 15,000 daga 5,000, tana biya har naira miliyan 3 na dukiya. Cikakkiya kuwa aka ce kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Ka ga motar miliyan 30 za ta ci miliyan ɗaya da rabi a shekara. Tsarinmu ya fi sauƙin ganewa kuma ba ya hukunta mutum saboda unguwarsu. Amma kai da ka shekara ashirin ba ka bugi kowa ba da yaron da ke tseren mota ranar ɗaurin aure, kuɗinku ɗaya a ƙaramar inshora. Abin da na fi yaba wa tsarin Birtaniya shi ne ana biya. Akwai ma asusun da kamfanonin suka kafa tun 1946 don biyan wanda mai mota marar inshora ya buge ko wanda aka buge aka gudu. Mu kuwa a bakin titi ake gama magana, a taru a ba da haƙuri, kowa ya je ya gyara tasa, takardar tana cikin mota don masu binciken hanya kawai. Inda gida ya fi nan shi ne takaful, wato inshorar Musulunci. Kuna da Jaiz Takaful da Noor Takaful, ni a nan na nema ban samu na mota ba.

Batun aiko da mota kuwa, ba zan aiko maka daga nan ba. Motocin Ingila sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, dokarmu ba ta yarda da irinsu ba. Juya sitiyarin motar lantarki ba aikin da zan yarda a yi wa motar da yaranka za su shiga ba ne. Leaf irin tawa ma batirinta ba shi da ruwan sanyaya, zafi yana saurin cinye ƙarfinsa, ka kuwa san Kano a watan Afrilu.

Idan ka ga wata a wurin dillalan Abuja ko Legas, kafin ka ba da kafin alƙalami ka je ofishin takaful ko inshora da sunan motar da shekararta. Ka tambaye su ko cikakkiyar inshorarsu ta haɗa da batir, ko za su biya in ruwan damina ya shige shi, ko za su biya in wuta ta tashi tana caji har ta taɓa gida, da kuma garejin da za su kai ta, tunda batirin ba kayan da za ka samu a Ƙofar Ruwa ba ne. Ka ce su rubuta maka amsar a takarda mai hatimi, ka ɗauki hotonta ka turo min, mu karanta tare ranar Lahadi in Allah ya kai mu.