Bitar yadda TrueNAS ke kula da ma'ajiyar sunayen Active Directory

TrueNAS manhajar ajiyar bayanai ce ta kamfanin iXsystems na Amurka, wadda aka sani da FreeNAS kafin a sauya wa nau'inta na kyauta suna a 2020, kuma ofisoshi da makarantu da dama suna ɗora ta a kan sabar da ke riƙe da fayilolin ma'aikata. Sashe ɗaya nata zan duba a nan, wato ma'ajiyar wucin gadi da take tarawa idan aka haɗa ta da Active Directory na Microsoft, kundin da ke riƙe da asusun ma'aikatan ofis da kalmomin sirrinsu, da kuma wurin da wannan ma'ajiya ke ci a faifai.

Da zarar an haɗa sabar da kundin ofis, TrueNAS kan kwafo sunayen ma'aikata da na rukunoninsu ta adana, domin idan mai kula da na'ura ya zo ba da izinin shiga wata jaka, sunayen su jeru masa nan take ba sai an koma an tambayi sabar kundin ba. Kwafin kan sabunta kansa sau ɗaya a rana. Wannan ne ya sa wanda aka buɗe wa asusu da safe ba lalle ne sunansa ya bayyana a jerin ba kafin a tashi aiki, sai an danna maɓallin Rebuild Directory Service Cache, wanda ke sake tara sunayen tun daga farko. Maɓallin yana a bayyane, yana yin abin da sunansa ya faɗa, kuma a ofis mai ma'aikata ɗari biyu ko uku ba shi da wani nauyi.

Inda kundin ya yi girma, kamar jami'ar da kowane ɗalibi ke da asusu, tara sunayen kan ɗauki lokaci. A nan manhajar ta tanadi wani zaɓi, wanda nau'o'inta na baya suka kira Disable AD User / Group Cache, da ke hana tarawar baki ɗaya. A ganina wannan shi ne mafi amfani a sashen, domin ba ya hana kowa shiga fayilolinsa. Tantance kalmar sirri yana nan a hannun sabar kundin kamar yadda yake. Abin da ake rasawa shi ne jerin zaɓi, sai mai kula ya riƙa rubuta suna da hannu tare da sunan kundin, misali OFIS\hadiza, kuma harafi ɗaya ya kuskure, izinin ba zai zauna ba.

Batun wuri kuwa, nan ne manhajar ta gaza. Bayanan Samba, wadda ita ce ke magana da kwamfutocin Windows, suna zaune a wani ɓoyayyen sashe mai suna .system, wanda ake isa gare shi ta /var/db/system. Ba su kaɗai ba ne a wurin, domin nan ne ake ajiye kwafin saitin na'ura da kuma fayilolin da wata manhaja ke bari idan ta faɗi ana cikin aiki. Sunayen ma'aikata rubutu ne kawai, ba kasafai suke cin wuri mai yawa ba, kuma sau da yawa maƙwabtansu ne ke kumbura, amma shafin da ke nuna sassan ajiya ba ya nuna wannan sashe, don haka mai kula ba ya iya bambancewa da ido. Dole sai ya buɗe allon umarni ya rubuta zfs list -r tank/.system, idan sunan rukunin faifansa tank ne, kafin ya ga nawa kowane ɓangare ya ci. Ga manhajar da ke alfahari da cewa kusan komai ana yinsa ta burauza, wannan giɓi ne na gaske.

Abin da ke sassauta matsalar shi ne ana iya zaɓar rukunin faifan da sashen zai zauna. A sabuwar na'ura yana farawa ne a faifan da ake tayar da ita da shi, sannan ya koma rukunin farko da aka ƙirƙira. Mayar da shi kan ƙaramin faifan tashi, ballantana filashi, ganganci ne, tunda sashen yana karɓar rubutu a kai a kai, filashi kuwa ba ya jure haka. Sauya masa wuri kan katse wa masu amfani da jakunkuna aiki na ɗan lokaci, saboda haka a bari sai bayan an tashi.

Akwai abu guda da nake jan kunne a kai sosai: kada a shiga goge fayiloli masu ƙarewa da .tdb da hannu don neman wuri. Ba dukansu ne na wucin gadi ba. Fayil ɗin secrets.tdb yana riƙe da sirrin da sabar ke gabatar da kanta da shi ga kundin, kuma ga mai amfani da tsarin AUTORID, wata hanyar raba wa asusun kundin lambobi, akwai wanda ke riƙe da rabon lambobin da izinin fayiloli ya dogara a kansu. Wurin da za a samu bai kai ɓarnar ba.

Haka kuma, idan jerin sunaye ya fito fayau, ba kullum laifin ma'ajiyar ba ne. Kerberos, tsarin tantancewar da kundin ke amfani da shi, ba ya yarda agogon na'urori biyu ya bambanta da fiye da minti 5 a saitinsa na asali, kuma inda ake yawan ɗauke wuta, sabar mai mataccen batirin agogo kan tashi da lokacin da ba daidai ba. Umarnin wbinfo -t yana nuna ko amincin da ke tsakaninta da kundin yana nan, kuma idan ya yanke, ko sau nawa aka danna maɓallin sake tarawa ba abin da zai dawo. Da a ce shafin Directory Services yana nuna girman ma'ajiyar da rukunin faifan da take zaune a kai, a gefen maɓallin nan, da mai kula bai buƙaci allon umarni don wannan aiki ba.