Daga Guangzhou: dillalin da ke cikin waya

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da su Hajiya da yara. Ya kasuwa?

Ka tambaye ni ko da gaske ne a nan ƙasar Sin waya ce ke yi wa mutum ciniki. Gaskiya ne, kusan duk aikin da dillali ke yi mana a Kantin Kwari manhaja ce ke yin sa. Idan ka ga leshi ko takalmin da ya burge ka, hotonsa kawai za ka ɗauka a Taobao ko 1688, duka manhajojin saye da sayarwa ne na kamfanin Alibaba, sai ta zaƙulo maka masu sayar da irinsa, kowa da farashinsa da yawan abin da ya sayar. Ka ajiye kaya a kwando ka manta, ranar da kuɗinsu ya sauka ta sanar da kai. Ka aika tambaya da tsakar dare, nan take a amsa, alhali mai shagon na barci. Manhajar da ya ɗora a kan shagon ce ke magana da yawunsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake biyan kuɗi. Alipay, manhajar biyan kuɗi ta nan, ta fara ne daidai saboda matsalar da ke damunmu a gida: mai saye na tsoron ya tura kuɗi a toshe lambarsa, mai sayarwa na tsoron alat na bogi. A nan idan ka biya, kuɗin ba sa zuwa hannun mai kaya. Ana riƙe su a tsakani har kaya su iso ka, ka duba, ka danna cewa ka karɓa. Tun 2014 kuma doka ta ba mai saye ta intanet kwana bakwai ya mayar da yawancin kaya ba tare da ya faɗi dalili ba. Mu kuwa ka ga abu a WhatsApp, ka tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint, a ba direba a tasha, sauran sai addu'a. Raina na ɓaci idan na tuna matan da ke sana'a daga cikin gida, masu gaskiya, suna rasa ciniki don babu mai tsaya musu a tsakani.

Isar da kaya ba a magana. Akwai akwatunan ajiya a ƙofar gidaje, a turo maka lamba ka buɗe ka ɗauka.

Amma Yaya, kar ka sallami dillalinka. Manhaja hoto take gani, ba ta taɓa yadi ta ji kaurinsa, ba ta san wanda zai zuba a wankin farko ba. Farashi mafi araha da take nunawa sau da yawa na kayan da aka rage wa inganci ne. Bashi irin na sanayya kuma, ka ɗauka yau ka biya bayan Sallah, babu shi a tsarinta. Sannan 1688 don 'yan ƙasa aka gina ta, da Sinanci take, kuma akasarin masu kaya a cikin ƙasa kawai suke aikawa. Dole a samu wanda zai karɓa a sito a nan, ya buɗe kwali ya duba, kafin a haɗa a kwantena zuwa Legas.

Don haka ka turo mini hoton shaddar da kake so, da gefen da aka buga tambari a jiki. Zan sa masu kaya daban-daban su aiko samfuri, in taɓa da hannuna, in kira ka ta bidiyo kafin mu sa kuɗi da yawa.

Ƙaninka.