Wane Jirgin Ɗaukar Hoto Za Ka Saya Idan Ba Ka Son Iska Ta Tafi Da Shi?

Yawancin masu zuwa neman shawara kafin su sayi jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto, tambayarsu ta farko ita ce kyamara: tana ɗaukar 4K? Hoton dare yana fita? Ni kuwa abin da nake fara tambayar mutum shi ne inda zai riƙa tashinsa da kuma watan da zai fi yin aiki. Mai ɗaukar biki, ko hawan salla, ko gonaki da filaye a ƙasarmu, yana aiki ne tsakanin iska biyu. Akwai ta hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har wajen Maris, wadda ta fi tsananta da hantsi. Akwai kuma wadda ke zuwa gaban hadari a ƙarshen bazara da farkon damina, ta taso daga gabas cikin 'yan mintoci ta kwashe rufin kwano, balle na'urar da ba ta kai nauyin gwangwanin lemo ba. Kyamara mai kyau ba ta da amfani idan jirgin yana can cikin gonar dawar wani, kilomita biyu daga inda ka tsaya.

Lambobi biyu ne ya kamata ka nema a takardar bayanin kowane jirgi. Ta farko ita ce ƙarfin iskar da kamfanin ya ce jirgin yana jurewa. Ta biyu, wadda mutane ba sa kulawa da ita alhali ta fi muhimmanci, ita ce iyakar gudunsa. Dalili kuwa mai sauƙi ne. Idan jirgi zai dawo gare ka yana fuskantar iska, gudun da zai yi a zahiri shi ne gudunsa a cire gudun iskar. Ɗauki Mini 2 SE, ƙaramin jirgi na kamfanin DJI: a tafiyarsa ta yau da kullum, wato idan makunnin rimot yana kan harafin N, yana yin mita 10 a daƙiƙa. Idan iska tana kaɗawa da mita 11 a daƙiƙa, to kana danna shi gaba yana ja da baya, batir kuma yana ƙonewa. Sai ka tura makunnin zuwa S sannan ya kai mita 16, ya samu rarar mita 5 da zai rarrafo da ita. DJI Air 3 kuwa a kan S yana kaiwa mita 21 a daƙiƙa, don haka a cikin wannan iskar yana da rarar mita 10. Nisan mita 500 da ƙaramin zai ci sama da minti ɗaya da rabi yana fama, babban zai share shi cikin daƙiƙa 50. Wannan rarar ita ce abin da kake saye da kuɗinka.

Kada kuma ka yarda da iskar da kake ji a fuskarka. A ƙasa gidaje da bishiyoyi suna tare ta. Can sama, a tsayin mita 100 ko 120, tana iya ninka wadda ke ƙasa. Shi ya sa mutum zai tashi jirginsa daga tsakar gida shiru, ganye ko motsi ba ya yi, yana haura saman unguwa sai allon waya ya cika da gargaɗin iska mai ƙarfi.

Air 3 shi ne zaɓina, kuma ba na ɓoyewa. Ya fito a 2023, nauyinsa giram 720, kamfanin ya ce yana jure iska ta mita 12 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 43 a awa, kuma yana iya yin minti 46 a sama idan babu iska. Wanda ya gaje shi, Air 3S na 2024, giram 724 ne da minti 45, juriyar iskarsu ɗaya. A takarda za ka ce ai bambancin 12 da 10.7 na ƙananan ba wani abu ba ne. A sama ne ake ganin bambancin. Nauyi yana sa bugun iska na farat ɗaya bai cika jefa shi gefe ba, injinansa suna da sauran ƙarfi a ajiye, hoton kuma yana zama daram a lokacin da ƙaramin jirgi ya karkace har farfelarsa tana neman leƙowa cikin hoto. Sannan batun batir: minti 46 ɗin nan ba za ka same su a aikin gaske ba, amma ko ka zubar da kashi ɗaya cikin uku, abin da ya rage ya ishe ka ka ɗauki abin da ka je ɗauka, ka juyo da sauran caji mai yawa. Jirgin da iska ta ɗauke, galibi ba ƙarfinta kaɗai ne ya kayar da shi ba, batir ne ya ƙare yana kokawa da ita, sai ya sauka da kansa duk inda ya samu kansa. Yana kuma da idanun gane cikas ta kowace fuska, ko da yake ka sani da zarar ka koma S waɗannan idanun sun daina aiki, kai ne idonsa. Aibinsa tsada da girma, batiransa ma ba su da arha, kuma ƙararsa ta fi ta ƙananan, abin da kan dami mutane a wajen ɗaurin aure. Na yarda da wannan duka.

Mini 4 Pro jirgi ne mai kyau, bai kai giram 249 ba, minti 34, juriyar iska mita 10.7 a daƙiƙa. Idan aikinka na cikin gari ne, ƙasa-ƙasa, da sassafe ko bayan la'asar, zai yi maka. Ban da shi a fili fetal cikin Janairu. Mini 2 SE da Mini 4K na koyo ne da ƙaramin aljihu. Mavic Mini na farko, na 2019, da DJI Neo mai giram 135 duk a mita 8 suka tsaya, ka bar su a kwanakin da iska ta kwanta. Mavic 3 Classic ya fi Air 3 kyamara da tsada, amma juriyar iskarsu ɗaya, don haka ƙarin kuɗin ba kariya ya saya maka ba. Potensic Atom, na wani kamfani daban, shi ma yana sahun ƙananan.

Sai waɗanda ke cika shagunan intanet da sunaye irin su E88 da E99, a kwali an rubuta 4K ko 8K da manyan baƙaƙe, an zana su kamar Mavic. Waɗannan kayan wasan yara ne. Ba su da GPS, ma'ana ba su san inda suke ba, ba su san inda suka tashi ba, ba za su iya tsayawa wuri ɗaya ba idan ka saki rimot. Ko iskar da ba ta isa ta kaɗa labule ba, sai ta tafi da su, kuma babu taswirar da za ta nuna maka inda suka faɗi. Duk jirgin da mai sayarwa ya kasa nuna maka adadin taurarin ɗan'adam da ya kama a allo, kada ka ba shi sisinka.

Inda aka fi cutar mutane shi ne kasuwar na hannu, kuma a nan nake so ka buɗe ido sosai, don na ɗanɗana. Wani mai sayarwa ya taɓa haɗa ni da batir da ya rantse sabo ne. A iska ta hunturu cajinsa ya zube daga rabi zuwa kusan babu cikin ƙiftawa, jirgin ya sauka a bayan wani ƙauye, sai da aka yi yini ana nema. Tsohon batir yana nuna cike a ƙasa, amma da injina suka ja wuta da ƙarfi sai ya durƙushe. Don haka kafin ka biya, sa kowane batir a jirgin, buɗe DJI Fly, manhajar waya da ake tuƙa jirgin da ita, duba sau nawa aka yi masa caji, lambar tana nan a shafin batir. Ɗora shi a kan tebur ka gani ko ya kumbura. Wanda yake shiga raminsa da ƙyar, ko yake fita da ƙyar, ya fara kumbura ke nan, a mayar wa mai shi. Batiran da ba na kamfani ba, masu rabin kuɗi, ni ba na sa su a jirgin da zan tura nesa.

Duba hannayen jirgin a haske, wajen mahaɗa, ko akwai tsaga ko alamar gam. Juya kowane inji da yatsa: idan ka ji ƙasa-ƙasa a ciki, ya taɓa cin ƙasa ko ƙura ta cika shi. Farfela jabu ma ta yi yawa, tana da laushi, tana lanƙwasa idan iska ta matsa. Abu mafi girma, a tabbatar mai shi ya cire jirgin daga asusunsa na DJI a gabanka, ka ɗaura naka kafin kuɗi su bar hannunka. Wanda ya ce ya manta lambar sirri, ko ɗan'uwansa ne ya aiko daga waje, ko yake sayar da jirgi babu rimot babu caja a farashin banza, akwai yiwuwar tsintuwa ce ko sata. Jirgin da iska ta ƙwace wa wani ne ake neman sayar maka. Kuma a tashe shi a gabanka, ya tsaya cak a sama na minti biyu ko uku ba ya yawo, a danna maɓallin komawa gida ka ga ya dawo inda ya tashi. Masu cewa ka tura kuɗi a Facebook ko WhatsApp kafin ka ga kaya, ba sai na ce komai ba. Wasu kuma sukan yi maka romon baka da inshorar DJI Care Refresh, wadda ke maye gurbin jirgin da ya ɓace a wasu samfura idan an biya wani kaso. Gaskiya ne akwai ta, amma tana aiki ne a ƙasar da aka saye ta, don haka kada a ƙara maka kuɗi a kanta.

Ko wanne ka saya, yadda kake tashinsa ne zai sa ya daɗe a hannunka. Duba manhajar hasashen yanayi irin UAV Forecast ko Windy kafin ka fita, kuma lambar bugun iska za ka duba a tsayin da za ka tashi, ba matsakaicin gudunta a ƙasa ba. Idan ta kai kashi biyu cikin uku na iyakar gudun jirginka, ajiye shi. Fara tafiya kana fuskantar iska, don dawowa ta zama da ita a bayanka. Masu yin akasin haka su ne ke jin daɗin yadda jirgi ke gudu wajen tafiya, sai wajen dawowa ido ya raina fata. Jira manhaja ta sanar cewa ta riƙe wurin tashi kafin ka ɗaga. Kada ka tashi daga kan mota ko dakalin siminti mai rodi a ciki, ƙarfe yana rikita kamfas. Idan ka ga gabas ta yi baƙi, sauko nan take, ko ango ne da kansa yake roƙo.

In kuwa iska ta riga ta kama shi, kada ka dogara da maɓallin komawa gida. Tsarin yakan ɗaga jirgin zuwa tsayin da aka saita, inda iska ta fi ƙarfi, kuma ba ya amfani da cikakken gudunsa. Soke shi, rage tsayi gwargwadon yadda bishiyoyi da turakun sadarwa suka bari, koma S, ka duba lambar nisa a allo. Idan tana raguwa, ci gaba. Idan ba ta raguwa, daina kokawa: juya kyamara ƙasa, nemi fili ko gefen hanya da za ka gane, ka sauke shi da hannunka tun da sauran caji. Gara ka taka kilomita ɗaya ka ɗauko shi da ya zaɓi wurin sauka da kansa a kan rufin wani ko cikin kududdufi.

Idan sadarwa ta yanke, kada ka kashe rimot, kada ka rufe manhaja. Ɗauki hoton allon. A cikin DJI Fly akwai sashen Find My Drone da ke nuna wurin ƙarshe a taswira, kuma idan ka matso har suka sake haɗuwa za ka iya sa shi ya yi ƙara da walƙiya. Ka tuna wurin ƙarshe a taswira shi ne inda aka daina jin ɗuriyarsa, ba lallai inda ya sauka ba. Nemi gaba da nan, ta inda iska ta nufa. Bayanan tafiyar suna cikin wayarka, shafuka irin su AirData suna karanta su su nuna tsayi, gudu da sauran caji a daƙiƙar ƙarshe, daga nan a ƙiyasta nisan da ya ƙara. Bidiyon da waya ta adana shi ma yana nuna rufi ko bishiyar da ya gani daga ƙarshe. AirTag, ƙaramin abin bin sawu mai giram 11 da ake maƙalawa a jikin kaya, yana dogara ne da wayoyin iPhone da ke kusa, a gona ko daji ba zai taimaka ba. Lambar wayarka a jikin jirgin da jikin kowane batir ta fi shi amfani.

In ya faɗa cikin unguwa ko ƙauye, fara da mai unguwa ko dagaci, ka yi sallama ka faɗi abin da ya kawo ka. Kada ka haura katangar kowa, kada ka kutsa gidan matan aure. Yara sun fi kowa sanin inda ya sauka, ka tanadi tukwici. Mutane suna da dalilin tsarguwa da na'urar da ke leƙa tsakar gidansu, musamman a wuraren da ake fama da rashin tsaro, don haka nuna musu abin da ka ɗauka idan sun nema. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ne ke ba da izinin tashin waɗannan jirage, kuma takardar nan tana sauƙaƙa magana idan jirgin ya shiga hannun jami'ai. Idan taswira ta nuna ya faɗa kusa da bariki ko filin jirgin sama, kada ka je nema kai kaɗai. Kai rahoto ofishin 'yan sanda, ɗauke da rasit da lambar jirgin da ke jikin kwalinsa.