Aikin buga tarihin tsofaffin 'yan majalisa a Maradi: bugu mai kyau, shekaru a rikice

Tun da aka rushe majalisar dokokin Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, tsofaffin depite, wato 'yan majalisa, da iyalansu sun karkata ga rubuta tarihin rayuwarsu. Akwai wani gidan buga takardu a kusa da babbar kasuwar Maradi da ke karɓar wannan aiki, kuma hannunsu yana da kyau a wajen bugu.

Tsarinsu mai sauƙi ne. Suna zama da mai tarihin su ɗauki muryarsa a waya, su rubuta, su kawo gwaji ɗaya a duba kafin injin ya tashi. Littafin ƙarami ne, girman A5, takardar ciki mai giram 80, bango mai giram 250. Da yake da ƙusa ake ɗinke shi a tsakiya, dole shafuka su rabu huɗu-huɗu: 32, 36, 40. Wanda ya kawo shafi 33 zai biya kuɗin 36. Hoton da aka turo ta WhatsApp kan fito dishi-dishi saboda manhajar tana matse shi, don haka a kawo na asali su ɗauka da na'urarsu. Abin yabo, ƙ da ɗ da ɓ suna fita daidai, ba sa rikiɗewa su zama akwatuna.

Matsalar tana wajen shekaru. Abin da dattijo ya faɗa shi suke bugawa, ba mai tantancewa, alhali tunanin mutum yakan haɗa majalisu biyu wuri ɗaya. Zaɓen 1993 da na 1995 sun fi rikita mutane, dukansu kujeru 83 ne, kuma juyin mulkin Ibrahim Bare Mainasara na Janairun 1996 ya katse ta biyun. A 2004 kujeru suka koma 113, a 2016 suka kai 171. Haka kuma 2009 tana da tarko: Tandja Mamadou ya rushe majalisa a watan Mayu, aka zaɓi wata a Oktoba, ita ma ta faɗi a Fabrairun 2010. Duk littafin da ya ce mutum ya yi shekara biyar cur a wannan majalisa ta Oktoba ya yi kuskure.

Wani abin da ke ɓata mana rai shi ne rubuta "depiten Tasawa" ko "depiten Dakoro" kamar mazaɓarsa ce shi kaɗai, alhali a zaɓukan baya-bayan nan jerin sunayen jam'iyya na jihar Maradi baki ɗaya ake jefa wa ƙuri'a. Sannan ba sa bambanta wanda aka zaɓa da madadinsa da ya hau kujera bayan an ba mai ita minista ko ya rasu.

A ba su aikin, amma a je da katin majalisa da takardun da ke ɗauke da kwanan wata, kuma a sa wanda ya yi zamanin ya karanta gwajin kafin a sa hannu.