Dodon Jean Marais da Oscar na Denis Lavant: wa ya fi?

Malam, ka ce an yaba maka finafinan Faransa guda biyu masu kama da mafarki, La Belle et la Bête da Holy Motors, kana so ka san wanda za ka fara da shi da kuma jarumin da ya fi gwaninta. Na kalli duka biyun.

Na farkon tsoho ne, baƙi da fari, Jean Cocteau ya fitar da shi a 1946. Tatsuniya ce da ko yaro zai iya bi: uba ya tsinki fure a gidan dodo, 'yarsa Belle ta je ta fanshe shi da kanta. Abin al'ajabin yana cikin gidan, inda hannuwan mutane ke fitowa daga bango riƙe da kyandir, gumaka kuma suna bin mai wucewa da ido. Jean Marais ya fito a mutum uku: dodon, da Avenant mai neman yarinyar, da yariman ƙarshe. Kullum sai an yi sa'o'i ana manna masa gashi da farata, har abin da ya rage masa ido da murya kawai. Da su ya yi aikin. In ya zo da daddare yana tambayar Belle ko za ta aure shi, idanun nan kaɗai sun isa su sa ka tausaya masa. Amma da ya rikiɗe ya zama yarima sai na ji kamar an yi mini ƙwace. Kyan fuska ya fito, armashin ya tafi.

Holy Motors na Leos Carax, wanda aka nuna a bikin finafinai na Cannes a 2012, ba ya riƙe maka hannu ko kaɗan. Denis Lavant ya fito a wani mai suna Oscar, wanda direbarsa Céline ke zagayawa da shi Paris cikin doguwar farar mota, daga safe har tsakar dare. A cikin motar yake da madubi da kayan shiga, duk inda aka tsaya sai ya fito a wani mutum dabam. Yanzu tsohuwa mai bara a kan gada, an jima mahaukaci mai jan gemu yana cin furannin maƙabarta, can uba yana yi wa 'yarsa faɗa a hanyar gida, can tsoho a gadon mutuwa. Ba a gaya maka wa ke biyansa ba, ba ka kuma ganin kyamarar da yake yi wa wasan.

A nan bambancinsu yake. Marais an ɓoye shi ne don ka yarda da dodon. Denis Lavant kuwa a gabanka yake manna gemu, ka san ƙarya ce, kuma da ya taka ƙasa ka yarda. Da jiki yake wasa, da ma ta wasan motsa jiki da kwaikwayo ba magana ya faro, kuma tun 1984 suke aiki da Carax. Dubi yadda bayansa ke lanƙwashewa a tsohuwar, sannan dubi zamansa a motar bayan kowane aiki, a gajiye kamar ɗan dako. Wannan gajiyar ta fi burge ni a kan duk rikiɗar.

A wurina Lavant ya fi, da rata ma. Sai dai ka fara da na Cocteau, don idonka ya saba da fim ɗin da ba ya bayanin kansa. Shi za ka iya kallo da iyali. Holy Motors yana da tsiraici da zubar jini, bari yara su kwanta tukuna, kuma kada ka kashe kafin motocin su fara hira da junansu a gareji.