Gargaɗi Kan Masu Tallan "Maganin Bugun Zuciya" a Intanet

Jama'a, a yi hattara da masu talla a Facebook da WhatsApp da ke iƙirarin suna da maganin da zai daidaita bugun zuciya har abada. Salonsu kusan ɗaya ne. Za su ce ka turo saƙon murya ka faɗi abin da kake ji, ko faɗuwar gaba, ko jiri, ko zuciya na tsallake bugu. Nan take su ce sun gano ciwon. Ka tura kuɗi, a aiko maka ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, ba kwali, ba lambar rukunin da aka sarrafa su, ba ranar ƙarewar wa'adi. Mafi munin cikinsu shi ne wanda zai ce ka ajiye maganin asibiti.

Ba a gane rikicewar bugun zuciya ta waya. Sai an yi gwajin ECG, wanda ke zana yadda zuciya ke bugawa, wani lokaci ma a ɗaura wa mutum na'ura ta awa 24 kafin a kama matsalar. Faɗuwar gaba kan zo daga ƙarancin jini, ko fargaba, ko matsalar tayirod da ke wuya, kuma kowanne da maganinsa daban.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ko ƙwayar ta gaskiya ce tana iya kisa idan ta faɗa hannun wanda bai dace ba. A 1989 wani babban gwaji a Amurka ya nuna filekainayid, wani maganin daidaita bugun zuciya, na ƙara yawan mace-mace ga waɗanda suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, duk da cewa yana rage musu bugun da ya kauce. Sotalol kuwa, shi ma maganin bugun zuciya, idan ƙoda ta yi rauni, taruwa yake yi a jiki ya haddasa wani mugun bugu mai sa suma.

Digoksin, wani maganin zuciyar, ya fi su tsauri. Da maikirogiram ake auna shi, 62.5 ko 125 ko 250, kuma tazarar da ke tsakanin magani da guba ƴar kaɗan ce. Wanda ke shan maganin sa fitsari irin furosemayid yakan rasa sinadarin fotashiyam a jini, sai gubar ta yi saurin kama shi: tashin zuciya, amai, ganin abubuwa rawaya-rawaya, bugu ya yi ƙasa. Amiyodaron kuma yana yin watanni a jiki bayan an daina sha, yana taɓa huhu da hanta da tayirod, shi ya sa ake auna jini duk wata 6. Yana kuma ƙara ƙarfin digoksin da wafarin (maganin hana daskarewar jini), dole likita ya rage su. Mai sayarwa a waya bai san ko ɗaya daga cikin magungunan da kake sha ba, bai kuma damu ya tambaya ba.

Jabu na nan da yawa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki jabu ne ko maras inganci. Mai fama da rawar ɗakin zuciya na sama (wani nau'in rikicewar bugu) da ya bar maganin hana daskarewar jini ya koma kan irin waɗannan ƙwayoyi, shanyewar ɓarin jiki yake jawo wa kansa, don haɗarinta gare shi ya ninka na sauran mutane kusan sau 5.

Idan ka riga ka fara sha, kada ka jefar da ragowar. Ɗauke su tare da duk magungunanka ka je asibiti yau, kafin lokacin shan na gaba. Kada ka yanke maganin likita kai tsaye, musamman irin su atenolol, domin yanke su farat ɗaya na iya tayar da bugu mai haɗari. Suma, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ko bugu ƙasa da 50 a minti ɗaya tare da jiri, duk na gaggawa ne. Ajiye hoton tallan da lambar mai sayarwar da shaidar biyan kuɗi, ka kai su ga hukumar kula da magunguna ta ƙasarka.